Yadda muka raba ƙanina da tiramol, tun daga Kasuwar Barci har asibitin Barnawa

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina son rubuta wannan abu ina fasawa, sai da na nemi izinin mai abin tukuna, wato ƙanina autan gidanmu, yace Yaya rubuta kawai amma kar ka sa sunana. To Auta zan riƙa ce masa kamar yadda muke kiransa a gida. Dalilin rubutun shi ne kusan wata biyu muka yi muna yawo tsakanin masu hayaƙi da ƙaramin asibiti muna ta zubar da kuɗi, alhali abin da ke damunsa yana da suna, yana da bayani, kuma akwai inda ake duba shi a cikin garin nan na Kaduna, gada kawai za ka tsallaka. Wallahi da wani ya zaunar da ni tun farko ya faɗa min abin da likita ya faɗa min daga baya cikin minti ashirin, da Inna ba ta sha kukan da ta sha ba.

Auta tela ne a Kasuwar Barci nan Tudun Wada, kuma gwani ne, duk wanda ya taɓa kai masa shadda sai ya dawo. Kun san yadda teloli suke in Sallah ta ƙarato, kwana ake kan keke, ga kostoma na kira ga wuta na wasa da mutane. Shi dai yace ciwon baya ne ya fara kai shi wani kemis, aka ba shi tiramol ba tare da takardar likita ba, ya sha guda ɗaya, ciwon bayan ya sake shi, kuma ya ji wani irin karsashi ya yi ɗinki har asuba bai gaji ba. Wannan kusan shekara biyu kenan kafin mu san komai. A azumin 2023 ne abin ya fara fitowa fili amma mu ba mu gane ba. Da an yi la'asar sai ka ganshi yana ta hamma, hawaye na zuba, majina na zuba, ga saurin fushi, muna cewa wahalar azumi ce da rashin barci. Ana kiran magariba zai shige ɗaki da kofin ruwa, kafin ma ya ci wani abin kirki sai ya fito garau yana raha da yara. Yanzu in na tuna wannan sai inga ai komai a bayyane yake, amma rashin sani ya fi dare duhu.

A goman ƙarshe ya faɗi a shago cikin dare yana jijjiga, kumfa na fita a baki. Makwabtansa suka kawo shi gida a Napep, wani har ya tura masa cokali a baki wai kar ya ciji harshe, ya ɓalle masa gefen haƙori. Dan Allah ku daina wannan, mai jijjiga a kwantar da shi ta gefe a kawar da abin da zai buge, kar a sa masa komai a baki. Inna tace iska ce, tunda babu mai farfaɗiya a danginmu kaf. Aka yi ruƙiyya, aka yi rubutu, wannan ban da ja a kai, addu'a ba mu taɓa dainawa ba har yau. Amma daga nan aka shiga masu hayaƙi da turare da ƙulle-ƙullen garin magani, tsakanin mutum biyu mun kashe wajen dubu goma sha biyar, a lokacin ma ba a gama farfaɗowa daga wahalar ƙarancin takardun naira ba.

Shi kuma faɗuwar nan ta tsorata shi, sai bayan Sallah ya yanke shawarar ya daina sha shi kaɗai, bai gaya wa kowa ba. Washegari ya kwanta. Ciwon gaɓoɓi, zufa ga kuma jin sanyi, tsigar jiki na tashi, amai, gudawa, ƙafafu ba sa zama wuri ɗaya, barci ya ƙaurace. Duk wanda ya ganshi zai rantse maleriya ce. Muka kai shi wani ƙaramin asibitin kuɗi kusa da mu, aka ɗebi jini aka ce maleriya da taifot, aka sa ƙarin ruwa. Babu wanda ya tambaye shi ko yana shan wani abu, shi ma bai faɗa ba. Da dare ya yi yana ta murƙususu sai aka yi masa wata allurar kashe ciwo, cikin ɗan lokaci yaro ya tashi zaune yana neman shayi da burodi, muka yi ta hamdala. Kashegari da yamma komai ya dawo sabo. Kwana uku muka yi, dubu arba'in da biyu, aka sallame mu da ledar magunguna, yana fitowa ya koma ma ƙwayarsa, mu kuma muka ce maganin taifot ya yi aiki.

Matata ce ta tsinci fankon a aljihun rigarsa da za ta haɗa da wanki, an rubuta 225 a jiki. Na same shi a shago bayan isha na rufe ƙofa na ajiye masa a kan teburin yanka. Ban yi masa faɗa ba don na kasa magana ma. Ya daɗe yana kallon abin sannan yace Yaya wallahi yanzu ba don daɗi nake sha ba, daɗin ya daɗe da tafiya, ina sha ne kawai don in iya miƙewa kamar kowa. Wannan maganar ban fahimce ta ba a lokacin, na ɗauka uzuri ne irin na masu shaye-shaye.

Da maganar ta kai ga manya, Kawu yace a kai shi gidan mari a ɗaure shi wata uku, zai dawo hayyacinsa. Har na bi shi muka je wani gida a bayan gari, mai wurin yace dubu ɗari da hamsin, kuma ba a zuwa dubiya sai bayan kwana arba'in. Na tambaya ko akwai likita ko nas da ke zuwa, yace su ba sa buƙata. Na hango wasu samari ta taga a zaune a ƙasa sun yi zuru-zuru. Ni kuma ban manta abin da ya faru a Rigasa a watan Satumba na 2019 ba, da 'yan sanda suka fito da mutane wajen 300 daga wani gida, wasu da sarƙa a ƙafa, duk Kaduna an ga hotunan. Nace Kawu ka yi haƙuri ka ba ni wata ɗaya in gwada asibiti, in bai yi ba sai a yi yadda kace. Ransa bai so ba amma ya bar ni. Wani abokina malamin makaranta ya haɗa ni da likita a asibitin gwamnati, ya saurare mu, ya rubuta mana takardar turawa zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya da ke Barnawa, yace can akwai ɓangaren masu matsalar shaye-shaye. Aikin da ya fi wahala shi ne shawo kan Inna, tana jin Barnawa tace ɗanta ba mahaukaci ba ne. Shi kansa Autan sai da muka yi kwana huɗu ina lallaɓa shi.

Mun je a farkon watan Yuni, lokacin an cire tallafin mai kuɗin mota ya ninka. Kuskuren da na yi ranar farko na tsaya sai da na leƙa wajen aiki, muka isa rana ta yi, mutane sun riga mu da yawa. In za ku je ku yi sammako. Ku riƙe takardar turawa in kuna da ita, da katin shaida, da duk takardun gwajin baya, da fankon abin da yake sha, wannan na ƙarshen ya taimaka sosai. Farko wajen yankar kati, ka biya a ba ka rasit, ka kai a buɗe fayil, kuma kowane rasit ka adana shi don za a iya tambayarka. Daga nan nas ta gwada hawan jini da nauyi da zafin jiki, sai zaman jira. A zaman jiran nan ne kunyar da na taho da ita ta fara raguwa, don na ga dattijo da babbar riga ya rako ɗansa, na ga mata da hijabi, na ga 'yan makaranta, na ga Kirista da Musulmi kowa da nashi. Daga baya na ci karo da rahoton binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 a Najeriya sun yi amfani da wata ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken, miliyan 4.6 daga ciki irin su tiramol ne. Kenan ba gidanmu kaɗai ba ne, kowa dai ya rufe ƙofarsa ne.

Likitan ya fara ganin Auta shi kaɗai kusan awa guda, sannan ya kira ni. Ya tambayi yaushe ya fara, nawa yake sha, ko yana haɗawa da maganin tari mai kodin ko roci, wato wata ƙwayar sa barci, ko wiwi, ko ya taɓa tunanin kashe kansa, ko akwai mai irin wannan a dangi. A nan na ji cewa ya kai guda huɗu zuwa biyar na 225 a rana. Likita yace Malam, ko mara lafiyar da muka rubuta wa tiramol da hannunmu ba ya wuce miligiram 400 a yini, kuma wanda hukuma ta amince a sayar a ƙasar nan na 50 ne da na 100, ka lissafa da kanka. Yace faɗuwar da ya yi tiramol ɗin ne, don shi bayan aikin kashe ciwo yana taɓa wasu sinadaran ƙwaƙwalwa daban, in ya yi yawa yana jawo jijjiga. Aka tura mu gwajin fitsari da na jini, hanta da ƙoda da ciwon hanta da sauransu. Wani abu da ban sani ba sai ranar, ba kowane abin gwajin fitsari ne ke kama tiramol ba, akwai nashi na musamman, don haka wanda ya saya a kasuwa ya gwada ɗansa ya ga babu komai kar ya saki jiki.

Sai na yi masa tambayar da ta daɗe tana cina, nace Likita me yasa ba zai daina kawai ba tunda yaga abin zai kashe shi. Ya jawo takarda ya zana kwaɗo da makulli. Yace a cikin ƙwaƙwalwarka da lakarka da hanjinka, kai da baka taɓa shan komai ba, akwai wasu ƙananan kwaɗuna, kuma jikinka da kansa yake ƙera makullansu. Makullan nan ana ce musu endofin, ma'anar sunan ma mofin na cikin jiki, mofin kuwa wani maganin kashe ciwo ne mai ƙarfi. In ka ji rauni su ke rage zafin, shi yasa mutum zai yi haɗari ya tashi ya taimaki wasu sai daga baya ya ji ashe ya karye. In ka ci abinci mai daɗi, in ka yi gudu ka yi zufa, in kana cikin mutanenka ana dariya, suna cikin abin da ke sa ka ji sanyi a rai. Amma jiki kaɗan-kaɗan yake sakinsu, a inda ake buƙata, na ɗan lokaci, sannan ya share su. Tiramol da kodin da mofin da irin allurar da wataƙila aka yi masa a wancan asibitin duk makullan waje ne da suka dace da kwaɗon, sai dai su ba sa zuwa kaɗan, duk ƙofofin suke buɗewa lokaci ɗaya su daɗe a ciki. Kodin ma yace hanta ce ke juya wani ɓangarensa ya koma mofin, shi yasa gwamnati ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayu na 2018 bayan binciken da BBC ta yi. To in aka yi ta yi wa jiki haka kullum sai ya kare kansa, kwaɗunan su dushe, wasu ma a janye su ciki, guda ɗaya ta daina isa sai biyu sai huɗu, nashi makullan na gida kuma su zama ba sa iya buɗe komai. Yace abin da ƙaninka ya faɗa maka a shago gaskiya ne.

Na dawo gida ranar na kasa barci na yi ta karatu a waya. Ashe wannan ilimin bai ma daɗe ba. Dubban shekaru mutane na amfani da ofiyom ba su san dalilin da yasa ƙaron wani fure zai yi aiki a kan ɗan Adam ba, sai a 1973 Candace Pert da Solomon Snyder a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, da wasu masanan a wasu wuraren a shekarar, suka nuna akwai kwaɗunan a ƙwaƙwalwa. Sai tambaya ta taso, me kwaɗo yake yi a wurin in babu makullinsa a gida. A 1975 John Hughes da Hans Kosterlitz a garin Aberdeen na Birtaniya suka ciro na farko daga ƙwaƙwalwar alade suka sa masa suna enkefalin, daga baya aka gano beta-endofin da dainofin. Wanda ya fi tsaya min a rai gwajin da aka yi a 1978 kan mutanen da aka cire wa haƙori, aka ba su maganin da babu komai a cikinsa suna zaton na ciwo ne, wasu ciwonsu ya ragu da gaske, da aka ba su nalokson, maganin da ke toshe kwaɗunan, sai sauƙin ya tafi. Wato sa rai kawai ya sa jiki ya saki nashi maganin. Ni dai da na karanta tasbihi na yi, Allah Ya riga Ya ajiye mana abin a jiki da ma'auninsa.

Bayan sakamakon gwaji ya fito aka ce kwanciya ta fi, saboda yawan abin da yake sha da kuma jijjigar da ya taɓa yi. Auta da kansa ya sa hannu, ni na sa a matsayin ɗan uwa mai kula da shi, kuma aka yi masa bayanin dokokin wurin kafin ya sa. Muka kai kaya kala kaɗan, silifas, sabulu, bokiti, Alƙur'aninsa, aka duba komai kafin a shiga da shi. Maganar kuɗi, mu dai tsakanin kati da gwaje-gwaje da kuɗin kwanciya da magani da zirga-zirga na sati shida abin ya tasam ma dubu ɗari uku, na sayar da mashin ɗina ƙanwarmu ta kawo kuɗin adashinta. Wannan lissafin 2023 ne, ku tambaya a wajen biyan kuɗi kafin ranar kwanciya don ku shirya.

Satin farko shi ne na azabar jiki. Wata nas mai kirki ta yi min bayani a baranda, tace akwai wani ɗan wuri can ƙasan ƙwaƙwalwa da ke kunna jiki in an shiga tsoro, bugun zuciya da zufa da zama a faɗake, ƙwayar ta daɗe tana danne shi shi kuma yana ƙara ƙarfi don ya ture ta, rana ɗaya aka ɗage sai ya zabura gaba ɗaya. Hanjin da ya saba da ɗaurewa ya sake, shi ne gudawar. Tace ba maleriya ba ce ba kuma iska ba, ya fi tsanani a kwana na biyu da na uku, kafin sati ya zagayo yawanci ya lafa. A can ana ba su abin da ke rage wahalar, ana lura da ruwan jikinsu da barcinsu, wanda wannan ne ba za ka samu ba in ka kulle yaro a ɗaki ko ka ɗaure shi.

Abin da babu wanda ya shirya ni a kai shi ne bayan nan. Na ɗauka da ciwon jiki ya wuce shikenan zan ga Autan da na sani. Na je dubiya sati na uku na tarar da mutum zaune kamar an zare masa rai. Na kai masa dambun nama da fura, abin da yake mutuwar so, ya ɗanɗana ya ajiye yace Yaya komai kamar tuwon da ba miya. Ba ya kuka ba ya dariya. Babbar Sallah a can ta same shi, na kai masa soyayyen naman layya na ba shi labarin gida, yana kallona kawai. Ranar a Napep na yi hawaye har muka hau gada, ina tunanin ko mun lalata shi ne gaba ɗaya. Da na samu masanin halayyar da ke zama da su na faɗa masa, yace wannan matakin ne ya fi mayar da mutane ruwa, ba ciwon satin farko ba. Kwaɗunan ba su gama dawowa daidai ba, don haka abinci da hira da duk ƙananan daɗin duniya ba sa isa inda suke isa da. Yace kuma a cikin makullan gidan akwai dainofin, shi nashi aikin kusan kishiya ne, ƙunci yake kawowa, kuma bincike ya nuna yana ƙaruwa in an daɗe ana shan irin waɗannan abubuwa. Yana warwarewa, amma da makonni da watanni ake lissafi, kuma a wannan tsakanin mutum ya san sarai akwai ƙwaya ɗaya da za ta ɗauke masa duk wannan cikin rabin awa.

Shi ne ya ce in kawo Inna. Nace ta rantse ba za ta taka wurin ba. Yace ka gaya mata tana cikin maganin. Ya ba ni labarin wani masani Jaak Panksepp da tun shekarun 1970 ya lura cewa 'yan kwikwiyon da aka raba da uwarsu suna ta kuka, in aka ba su ɗan mofin kaɗan sai kukan ya ragu, abin da ya nuna zafin rabuwa da sanyin kusanci suna bi ta wannan hanyar da ciwon jiki ke bi. Na je na faɗa wa Inna da irin Hausar da zan iya. Ba ta ce komai ba, da safe na ganta ta saka mayafi ta ƙulla ƙosai a leda. Da suka haɗu ba ta yi masa faɗa ba, ta kama kansa ta ɗora a cinyarta kamar yaron goye tana shafawa tana cewa Autana, Autana. A nan ya fashe da kuka, karo na farko tunda aka kwantar da shi. Ba zan ce ranar ya warke ba, amma daga ranar ya fara shiga zaman da suke yi na rukuni da motsa jiki da safe, har ya karɓi gyaran kayan wasu a ɗakin koyon sana'a.

Kafin sallama aka zauna da mu 'yan gida, da likita da ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, Kawu ma ya zo. Gargaɗin da likita ya maimaita har sau biyu shi ne wanda nake so kowa ya riƙe. Yace yanzu jikinsa ya sauka daga sabon da ya yi, in ya zame ya sha adadin da yake sha da, zai iya kashe shi, don kwaɗunan nan har a wurin da ke tafiyar da numfashi akwai su. Alamar ita ce barcin da ba a iya tashinsa, numfashi a hankali ko wani irin minshari, ƙwayar ido ta ƙanƙance kamar kan allura, leɓe ya canza kala. Kar a tsaya ɗura madara ko manja ko watsa ruwa, a kwantar da shi ta gefe a garzaya asibiti mafi kusa a faɗi gaskiyar abin da ya sha, akwai allurar nalokson da ke tunkuɗe makullin daga kwaɗon. Kuma duk asibitin da ya je nan gaba, ko haƙori zai cire, ya faɗa musu tarihinsa kafin a rubuta masa maganin ciwo. Aka ba mu ranar dawowa, farko bayan sati biyu, daga baya wata-wata.

Ya zame sau ɗaya, a watan Oktoba, wani aikin biki ya taru masa ga wani tsohon abokinsa ya leƙo shagon. Guda ɗaya ya sha, kuma shi ya zo ya same ni da kansa washegari. Da a da ne da na ce duk kuɗin da wahalar sun tashi a banza in kira Kawu. Amma an riga an gaya mana hakan na faruwa, kuma abin yi shi ne a dawo da wuri ba sai ranar da aka rubuta ba. Muka koma a satin, aka ƙara yawan zaman da yake zuwa, ba a sake kwantar da shi ba. Abin da na lura, da na tarbe shi da zagi ranar, na biyun ba zan ji labarinsa ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, amma kuma lallashi kaɗai ba ya yi, sai da muka canza abubuwa na zahiri. Ciwon bayan da ya fara jawo komai aka duba shi, aka koya masa motsa jiki, muka canza masa kujerar ɗinki. Kuɗin shago wata uku a hannuna suke kwana, da yardarsa. Ya koma buga ƙwallo da yamma da yaran unguwa.

In kun kai naku asibiti da zazzaɓin da ba ya jin magani, ga hamma da majina da rashin barci, ku ja shi gefe ku tambaye shi cikin sirri, kuma ku gaya wa likita ko da shi bai tambaya ba, mu wannan shirun ne ya ci mana dubu arba'in da biyu da wata guda. Wanda kuma ya daɗe yana sha da yawa kar ya yanke rana ɗaya shi kaɗai a ɗaki, ya je a tsara masa.

Ɗanɗanon abinci sai wajen wata na huɗu ya ce ya dawo masa sosai, barci ya fi haka daɗewa. Yanzu ga azumi na ƙaratowa, lokacin da ya fi ba ni tsoro kenan. Mun zauna da shi da maigidansa na shago mun yanke adadin ɗinkin da zai karɓa, in ya cika ya cika ko waye ya kawo, kuma ƙarfe goma sha ɗaya na dare zai rufe in biya in ɗauko shi. Ya ɗauki yaro ɗaya da zai riƙa yi masa guga da sa maɓalli. Ranar asibitinsa ta gaba ta faɗo cikin satin farko na azumi, na riga na nemi izini a wajen aiki.